Saurin Zuciyar Yaya Sale

Garwa da zafi ta tarye mu. Ina saukowa daga bayan motar buhuna na ce wa Yaya Sale, wallahi wanda ya raɗa wa garin nan suna ya san abin da yake yi, garwa ce aka ɗora a murhu aka zuba mutane a ciki. Ya goge gumi da hularsa ya ce, "Habu, ko ruwan garin ba ka sha ba ka fara zaginsa." Haka muke ni da shi tun muna yara, ni in ɗauko, shi ya sauke.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, daga wani ƙauye a ƙasar Azare, kuma yankan farce ne sana'armu. Almakashi, reza, ɗan soso, ruwan sabulu a kwalba, sai ƙafa. Ƙafar ita ce jarin, don mai yankan farce ba shi da shago, yawo yake yana kaɗa almakashi har wani ya ce, "Kai, zo." Abin da ya fito da mu daga gida zuwa Kamaru shi ne shekarun nan da mutanen daji suka hana kowa sakat, har ya zama in ka shiga kasuwa da jaka a kafaɗa sai mutane su dare. Inna ba ta yi mana dogon wa'azi ba. Cewa ta yi, "Ku biyu na bayar, ku biyu nake so a dawo mini da su, kowa da ƙafarsa." Kowa ya san ta haɗa ni da Yaya ne don ya riƙe ni, saboda ni ne mai zuciya a gidanmu. Ba wanda ya kawo a ransa cewa shi ne za a rasa yadda za a mayar.

Wani Alhaji Garba ne ya ba mu zaure a unguwar Hausawa. Kakanninsa daga Kano suka zo da kanwa da goro, amma Hausarsa ta sha ruwan Binuwai: zai fara magana da Hausa, ya bi ta Fulatanci, ya ƙarasa da Faransanci. 'Ya'yansa kuwa in ka ce sannu sai su ce "jam". Mutumin kirki ne, kullum da yamma sai an aiko mana da tuwo da miyar yakuwa, wadda su suke kira folere. A zauren nan na fara sanin kewa. Ka ji kiran salla irin na gida, ka ga riguna irin na gida, ka buɗe baki ka yi wasa, a tsaya ana kallonka ba wanda ya gane.

A kasuwa muka haɗu da Bakari, dillalin da ba abin da ba ya dillanci, daga akuya har ɗakin haya. Ya ce ba yaren da ba ya ji a Kamaru. Bai yi ƙarya ba, kowanne yana ji, amma rabi-rabi. Mu da ba mu san ko "zo ka ci" da Faransanci ba, sai muka riƙe shi hannu bibbiyu.

Wata rana da hantsi muka tarar an kafa rumfar tamfol a bakin kasuwa, mata masu fararen riguna suna duba mutane kyauta. Ni na ce mu wuce, lafiyarmu ƙalau. Yaya kuwa, in dai abu kyauta ne kuma akwai inuwa, an gama da shi. Mutum ne ƙato, da tumbinsa, tafiya a hankali, magana a hankali. Muka shiga, Bakari yana biye da mu.

Ba sa gwada mutum da zuwansa. Sai sun zaunar da kai a benci, ba magana, ba motsi, har gumin ya bushe, sannan a ɗaura maka wani ƙyalle a dantse a matsa na'ura. Ni aka fara yi wa, matar ta ce "bon" ta kore ni. Da ta zo kan Yaya sai ta dubi na'urar ta tsaya. Ta bar shi ya ƙara zama, ta sake. Ta ajiye na'urar ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa tana kallon agogo. Ta dubi tumbinsa. Ta sa Bakari ya tambaye shi me ya kashe babanmu. Yaya ya ce ƙishirwa, ruwa ba ya isarsa har ya rame ya tafi, mutanen gari suka ce sammu ne. Sai ta yi magana mai ɗan tsawo, a hankali, tana maimaita wasu kalmomi tana buga ƙirjinta da yatsa.

Bakari ya gyara hula ya ce, "Ta ce kana da saurin zuciya. Ta ce o repo, wato ka huta. In ba haka ba babban ciwo yana zuwa. Ta ce kuma ka dawo da azumi a duba jininka."

Dariya na yi har na dafa ƙasa. Yaya Sale ne mai saurin zuciya? Mutumin da akuya ta taɓa cinye masa hula yana ba ta haƙuri? Na ce, "Bakari, gaya mata na'urarta ta yi makuwa, ga mai zuciyar nan ta ce masa bon." Amma Yaya bai yi dariya ba. Muna tafiya yana ta maimaita kalmomin matar a bakinsa, don Allah ya ba shi kunne, ko kukan tsuntsu ya ji sau ɗaya zai kwaikwaya. Can ya ce, "Habu, matar nan ba ta san ni ba, ba ta da dalilin yi mini ƙarya. Kai naka fushin fita yake yi. Ni nawa a ciki yake zama. Ka san sau nawa na so in shaƙe ka na fasa?" Wallahi ban taɓa sani ba.

Daga ranar ya ɗauki abin kamar umarnin malami. Wanda ya fara cin moriyar haƙurin nan kuwa Bakari ne da kansa. Ya karɓe ɗan abin da muka tara ya ce zai samo mana takardar zama, ya kawo mana takarda mai hatimi har da hoton kan bijimi a jiki, ya ce tambarin gwamnati ne. Da Alhaji Garba ya karanta sai ya riƙe baki, ashe takardar rigakafin shanu ce. Na zari almakashi na nufi kasuwa, Yaya ya tare ƙofar zaure da jikinsa.

"Yaya, matsa!"

"Ba zan matsa ba. In ka yi faɗa dole in shiga, in na shiga zuciyata ta tashi. So kake ciwon ya same ni?"

Da wannan ya ɗaure ni, ba ranar kaɗai ba. Duk inda na tashi zan yi rigima sai ya dafa ƙirjinsa ya dube ni, ni kuma sai in zauna ina huci kamar kububuwa.

Ba takarda, zaman Garwa ya gagara, sai muka nufi Figil, inda aka ce ana fasa dutse ana ƙona farar ƙasa kuma ba a cika tambayar mutum daga ina yake ba. Garin fari ne fat, har ganyen bishiya. Farcen masu fasa dutse kuwa sai ka jiƙa shi ka yi addu'a kafin almakashi ya kama. Aiki akwai, amma a warwatse, daga wannan rami zuwa wancan, sai mai ƙafa. A nan Yaya ya fara zama. Ya ce likita ta ce o repo, shi ba zai yi gardama da masu ilimi ba. Ya samu gindin wata darbejiya kusa da tasha ya shimfiɗa buhu, wanda ya zo ya yanke masa, wanda bai zo ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ni na ci gaba da yawo. Har daɗi na ji, na ce gara ya huta, ai ya girme ni.

Kusa da buhunsa akwai wata tsohuwa mai kunun gyaɗa da ƙosai, Mama Terez, Kirista ce daga kan duwatsu, da Hausarta ta kasuwa mai daɗin ji. Ita ta riƙe mu a garin nan. "'Ya'yana" take ce mana. Ranar da aka zo kamen baƙi, ita ta tura mu ɗakin da take ajiye itace ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake kamar ba komai. Kullum ta ga fuskar Yaya ba daidai ba sai ta cika masa kofi da kunu ta ƙara suga da hannunta, ta ce, "Sha, ɗana, zuciya ta yi sanyi." Allah ya saka mata, da zuciya ɗaya ta yi.

A Figil aka mari Yaya. Wani direban babbar mota ne, Yaya ya gama yanke masa hannu da ƙafa, ya miƙe zai tafi. Yaya ya ce, "Maigida, ka manta." Mutumin ya juyo ya ce 'yan Nijeriya ne suka kawo musu masifa ƙasarsu, ya ɗauke shi da mari a gaban mutane, har hularsa ta faɗi cikin farar ƙura. Ba na nan. Da na dawo na ga shatin yatsu a kumatunsa. Hannun mutumin nan bai kai rabin na Yaya ba, da ya riƙe shi kawai sai ya durƙusa.

"Me ka yi masa?"

"Na ɗauki hulata."

"Shi ke nan?"

"Na sha kunu."

Kuka na yi ranar, don haushi, ba don tausayi ba.

Da azumi ya kama, Yaya ya shirya ya hau mota ya koma Garwa shi kaɗai, da bakinsa a bushe, neman rumfar tamfol. Ya tarar da mai tumatir a wurin. Ya tambaya aka ce ai masu fararen riguna 'yan kwanaki kawai suka yi suka tafi tun tuni. Ya dawo ya ce mini, "Ni dai na cika alkawari, su ne ba su cika ba." Muka bar maganar a nan.

Kame ya yi yawa a Figil, Mama Terez da kanta ta ce mu gusa kudu. Ta ce tana da 'ya ma'aikaciyar asibiti a Bibemi, in wani abu ya taso mu neme ta, Odil sunanta. Muka sake ratsa Garwa, muka tsallake gada, muka sauka a Ngong.

Ngong gari ne na bakin titi, masara da gyaɗa da manyan motoci masu zuwa Ngaundere. A nan Yaya ya ajiye almakashi gaba ɗaya. Wani mai shayi ya ɗauke shi tsaron tebur, daga asuba har a tashi yana kan benci ɗaya, yana zuba wa direbobi, yana ɗanɗanawa. Kowa ya ce masa tashi ka miƙo kaza sai ya yi murmushi ya ce "o repo", har sunan ya bi shi. Orepo, kawo shayi. Orepo, ƙara madara. In wani ya ɓata masa rai, maganinsa ɗaya ne, ya haɗa wa kansa kofi mai kauri ya shanye. Direbobi kuwa ba su da aiki sai ɓata wa mutum rai.

Mun daɗe a Ngong, damina ta zo ta wuce ta sake dawowa. A hankali na ga abubuwa suna canzawa, amma ban san sunan abin da nake gani ba. Buta ba ta rabuwa da hannunsa, ya sha ya zagaya, ya sha ya zagaya. Inda ya yi fitsari a bayan ɗaki sai ka ga tururuwa ta taru. Tumbin ya zube, wandonsa ya koma kamar na aro. Shi har murna yake, wai jikinsa ya yi sauƙi. Ni na ɗauka kewar gida ce, don duk ranar da muka yi waya da Inna ba ya cin abinci. Kullum tambayarta ɗaya, "Yaushe?" Mu kuma amsarmu ɗaya, "In hanya ta yi kyau." Da na ga yadda yake kwankwaɗar ruwa, Baba ya faɗo mini a rai, na yi maza na kori tunanin.

Sai idonsa ya fara hazo. Wata Juma'a ya zauna yanke farcen ƙafarsa kafin masallaci, ni ina wanke soso. Na waiwaya na ga jini a tabarma.

"Yaya, ka yanke!"

"Ina?"

Mutumin da ya koya mini riƙon almakashi, wanda bai taɓa fitar wa kowa jini ba, ya datse naman babban yatsansa bai gani ba, bai kuma ji ba. Na danna wurin da ƙarfi ina kallon fuskarsa, ko gezau.

Ciwon da bai kai ƙwayar gero ba ya ƙi warkewa. Mun sa toka, mun sa man shanu, mun sa garin da wani mai magani ya rantse a kansa. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya fara hawa. Mai shayi ya kira ni gefe ya ce in yi haƙuri, wari yana korar masa mutane. Ban zage shi ba, gaskiya ya faɗa. Na ɗaure Yaya a bayan mai babur, ni a bayansa ina riƙe da shi, muka kama hanyar Bibemi cikin taɓo, muna tafiya muna sauka muna turawa.

Madam Odil ta yi kama da uwarta, har muryar. Da ta ji sunan Mama Terez sai ta ce, "To ai ku yayyena ne," ta shigar da mu gaban layi. Ta kwance tsumman ƙafar, ba ta kau da kai ba. Ta soki yatsan hannunsa ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta duba.

"Yaya Sale, ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinka. Ba wanda ya taɓa ce maka ka kula?"

Sai Yaya ya gyara zama, har da ɗan alfahari. Ya ce an gaya masa a Garwa, kuma duk abin da aka ce ya yi. An ce yana da saurin zuciya, ya daina fushi. An ce ya huta, ya huta. An ce ya dawo da azumi, ya koma bai same su ba.

Ta ce, "Wa ya ce ka huta?"

"Likitar. Da bakinta ta ce o repo."

"Me ta ce kafin o repo? Ka tuna?"

Ya rufe ido ya kwaikwayo muryar matar nan ta rumfa, har da buga ƙirji da yatsa: "Kor ba tro bit, o repo." Sannan ya ce, "Ta kuma ce ajan."

Madam Odil ta sa ya maimaita. Ya maimaita. Sai ta jawo kujera ta zauna, ta dafe goshi. Ni dai na san ba alheri.

"Yaya, ba fushi take nufi ba. Naman nan da ke bugawa a ƙirjinka take nufi. Kuma ba ta ce ka huta ba. Cewa ta yi ko kana hutawa, kana zaune ba ka ɗauki komai ba, zuciyarka gudu take kamar ta wanda ya hau dutse. Shi ya sa suka zaunar da ku a benci kafin su gwada."

Na ce, "To Madam, me ya haɗa bugun zuciya da suga? Wannan a ƙirji, wancan a jini."

Ta ce an lura mutumin da zuciyarsa ke gudu a zaune ya fi shiga haɗarin ciwon suga nan gaba, fiye da wanda tasa ke tafiya a hankali. Ba kowa ba, kuma ba gudun ne ciwon ba. Alama ce cewa jikin ba ya sauka, kullum a tsaye yake kamar ana bin sa, kuma jikin da ke haka ba ya sarrafa suga yadda ya kamata. In an haɗa da tumbi, da uban da ya mutu da ƙishirwa, to mai hankali zai ce a duba jini tun da wuri. Ta ce wataƙila a ranar nan ciwon bai ma kama shi ba, yana bakin ƙofa ne.

"Da ka koma, abin da za ta ce maka shi ne ka ƙara tafiya, ka rage suga. Yawon nan naku na yankan farce, shi ne yake taimakonka."

"Azumin fa?" in ji Yaya.

"Ajan ba watan azumi ba ne. Gobe da safe take nufi, kafin ka ci komai."

Gobe da safe. Muna kwance a zauren Alhaji Garba, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba tsakaninmu da rumfar nan, muka tashi muka sha kunu muka wuce ta gabanta muna kaɗa almakashi.

Na jira Yaya ya yi ihu, ko ya fasa wani abu. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Can ya ɗago ya ce, "Madam, in tambaye ki. Ashe da na rama marin nan na Figil, ba abin da zai same ni?"

Ba ta gane ba, ta dube ni. Ni kuwa na fita waje, don ba zan iya tsayawa ba.

Ta wanke ƙafar, ta yi masa allura, ta ce abin ya fi ƙarfin wurinsu, sai Garwa, kuma yau ba gobe ba. Ita ta nemo mana motar da ke kai auduga, ta cusa mini ƙullin ƙosai a jaka. Kafin mu hau ta kama hannuna ta ɗora yatsuna biyu a wuyan hannun Yaya, ta ce, "Ji." Na ji. Ya yi kwanaki a kwance, amma abin yana ta bugawa da sauri kamar ana kora shi. Shekara da shekaru ina kwana kusa da mutumin nan, ina riƙe hannuwan mutane daga safe har yamma, ban taɓa sanin ana jin wannan ba.

Muka koma Garwa, zauren da muka fara sauka. Alhaji Garba ya tsaya mana tsayin daka, Allah ya jiƙan iyayensa. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Da Yaya ya farfaɗo ya dubi inda zanen ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa, abin da ya fara cewa shi ne, "Kada ka gaya wa Inna. Kowa da ƙafarsa ta ce." Na ce to. Muka ci gaba da ce mata hanya ce ba ta yi kyau ba.

Wurin yankan bai haɗe ba. Aka ƙara yankewa a sama. Ƙodarsa ta fara gazawa, fuskarsa ta kumbura, idon ya ƙarasa rufewa. Abin da ya fi ci mini rai, haƙurin ya riga ya zama jikinsa. Na roƙe shi ya zage ni, ya zagi Bakari, ya zagi Kamaru da Nijeriya baki ɗaya, yanzu ai an ce ba laifi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Na manta yadda ake yi, Habu." Ya rasu da bazara, ana tsakiyar zafin nan da na zaga ranar da muka iso. A maƙabartar unguwar aka binne shi, cikin kakannin Alhaji Garba, waɗanda su ma da niyyar komawa suka zo.

Na nemi Bakari, ba sai an tambaya ba. Na same shi yana cinikin wata tunkiya. Na shaƙe wuyan rigarsa na tuna masa rumfar tamfol. Wallahi bai ma tuna ba. Da ya gane sai ya ce, "To ai haka ta ce. Zuciya, sauri, hutu, azumi. Wanne na ƙara? Kai da kake Bahaushe, yaya za ka faɗe shi?" Na ɗaga hannu, na buɗe baki in gaya masa yadda ake faɗa, ban samu ba. Na sake shi.

Inna ta sani yanzu, Alhaji ne ya gaya mata, ni na kasa. Ba ta yi mini faɗa ba. Duk ranar da muka yi waya sai ta ce, "Habu, ka dawo haka nan." Ni kuma in ce bayan salla. Salloli sun wuce. Hanya ta yi kyau tuni, motoci suna zuwa Yola kullum. Amma in na tuna zan shiga gidan nan ni kaɗai, da jakar almakashi biyu, sai ƙafata ta ƙi.

Ina nan Garwa ina yawo. Sai dai yanzu ba na iya kama hannun mutum ban saurara ba, yatsun nan biyu da kansu suke zuwa wurin. Kwanan baya wani saurayi ya kira ni a bakin kasuwa, ɗan unguwar Hausawa ne, mai shagon waya, ƙato, tun safe yana kan kujera shi da abokansa. Na kama hannunsa na ji abin yana gudu. Na ce ko dariya ya yi yanzu, bari in jira. Na yi ta goge farce ɗaya da soso har ya fara kallona. Na sake saurara. Gudu yake, irin na Yaya.

Na daɗe ina shirya yadda zan faɗi maganar nan in ranar ta zo. Na ce, "Maigida, don Allah kada ka ji haushi. Zuciyarka tana sauri."

Abokansa suka fashe da dariya, ɗaya har da buga cinya. "Wallahi ya gano ka! Har mai yankan farce ya san halinka!"

Na ce, "A'a, ba fushi nake nufi ba. Bugun nake nufi, naman da ke ƙirji. Ko kana hutawa..."

"Ka ji ko? Ya ce ka riƙa hutawa, ka daina yi wa mutane masifa."

Na ce ya je asibiti da safe kafin ya ci komai a duba masa suga, yayana haka ya fara. Amma dariya ta riga ta cinye maganar. Saurayin ba shi da laifi, yaron kirki ne. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Na gode, Malam, Allah ya ba mu haƙuri." Ya ɗaga murya ya kira mai shayi, ya ce a kawo biyu, ɗaya nasa ɗaya nawa, a cika suga.

Sannan ya miƙo mini ɗaya hannun, na ci gaba da yanka.